Tambaya da Amsa: Kakanmu da Bam ɗin Hiroshima

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kakanmu ya yi yaƙin Bama a rundunar Turawan Ingila kafin ya zo aikin Hajji ya zauna a Makka, kuma har ya rasu yana cewa bam ɗin da aka jefa wa Japan ne ya sa suka koma gida da rai. 'Yata kuwa ta ga hotunan Hiroshima ta ce zalunci ne tsagwaronsa. Maganar wa zan kama?
Mai karatu daga Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, ta ƙara a Nagasaki ranar 9, Japan kuma ta sanar da miƙa wuya ranar 15, saboda haka ba abin mamaki ba ne sojan da ke dajin Bama ya danganta tsirarsa da bam ɗin. Sai dai masana tarihi suna gardama har yau, domin Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga watan, wasunsu kuma na ganin wannan ne ya fi sa ta miƙa wuya.

Abin da tsoho bai gani ba shi ne mutum kusan 140,000 da suka mutu a Hiroshima kafin ƙarshen shekarar, galibinsu farar hula. Waɗanda suka tsira, da ake kira hibakusha, sun daɗe ba a ji daga bakinsu ba, domin hukumar mamaya ta Amurka ta riƙa tace abin da jaridu ke bugawa, su kuma da yawansu sun ɓoye abin da ya same su don gudun a hana su aure ko aiki. Sai a 1955 aka buɗe gidan tarihin Hiroshima, a 1956 suka kafa ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, wadda ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2024. Ko a can ma ba kowa aka tuna da wuri ba: dutsen tunawa da 'yan Koriya da bam ɗin ya kashe yana can waje, ba a cikin dandalin zaman lafiya na birnin ba, har 1999.

A ganina 'yarka ta fi kusa da gaskiya game da kisan mata da yara, amma kada wannan ya sa ku ƙaryata tsoho, domin abin da ya ji a jikinsa ya faɗa. Ka nemi dattawan gidanku da suka ji labarin daga bakinsa, ka sa ita da kanta ta ɗauki muryoyinsu a waya tun suna raye.