Tambaya da Amsa: An Ce Sai Aikina Ya Shiga BIM Kafin In Kafa Bututu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwangilar aikin famfo ne a Aboabo da ke Kumasi, kuma na daɗe ina aiki da zanen takarda ba tare da wata matsala ba. Kwanan nan na samu ƙaramar kwangila a wani gini mai hawa 8, sai babban ɗan kwangilar ya ce ba zan kafa bututu ko ɗaya ba sai an shigar da aikina cikin abin da suke kira BIM, an kuma tantance shi a taron mako-mako. Mene ne wannan abu, kuma anya ba dabara ba ce ta ture ƙananan 'yan kwangila irinmu gefe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba dabarar korar kowa ba ce, ko da yake wanda ya ƙi kusantar abin zai ga manyan ayyuka suna wuce shi. BIM hanya ce ta gina ginin gaba ɗayansa a cikin kwamfuta kafin a zuba kwanon kankare ko ɗaya a fili. Bambancinsa da zanen da ka saba shi ne, a takarda bango layi biyu ne kawai, amma a samfurin kwamfuta kowane bango da ƙofa da bututu yana ɗauke da bayaninsa: tsawonsa, kaurinsa, abin da aka yi shi da shi, da ainihin wurin da yake zaune. Idan mai zanen gini ya matsar da bango, canjin zai bayyana a duk zanen da aka fitar daga samfurin, har da lissafin bulo da siminti.

Amfanin da ya fi shafar sana'arka shi ne gano karo. A babban gini, mai zane yana da nasa samfurin, injiniyan ƙarfin gini yana da nasa, masu lantarki da masu na'urar sanyaya ɗaki da masu famfo kowa da nasa, kuma kowannensu yana ganin sararin da ke tsakanin silin da dakin, wato kankaren da ake zubawa a raba hawa da hawa, kamar don shi kaɗai aka bar shi. Sai a haɗa samfuran duka a manhaja irin su Navisworks ko Solibri, ita kuma ta lissafo duk inda abu biyu suka nemi zama a wuri ɗaya.

Ɗauki bututun ruwan bayan gida, wanda ka fi ni saninsa. Ba ya tafiya a miƙe kamar wayar lantarki, dole a ba shi gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, wato a tafiyar mita 15 zai sauko da santimita 30. A zanen da ake kallo daga sama wannan saukowa ba ta fitowa ko kaɗan, sai ranar kafawa ka iske ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dakin ya tare maka hanya, ko kuma bututun ya faɗo ƙasa da layin silin. Abin da aka saba yi a nan kowa ya san shi: a kira yaro da guduma da kurfi ya huda kankaren, wani lokaci har a yanke rodi. To, rodin da ke ƙasan ginshiƙin, musamman a tsakiyarsa, shi ne ke hana shi tsagewa idan nauyi ya hau, don haka yanke shi taɓa lafiyar ginin ne, ko da filasta ta rufe wurin. Idan aka gano karon a kwamfuta, injiniya zai zaɓi inda za a bar rami, a sa guntun bututu a cikin katakon kafinta kafin a zuba kankare, ko kuma a canza wa bututunka hanya. Tela ma a takarda yake gwada sabon yanka kafin ya sa wa shadda almakashi.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary ya fito da manhajar zana irin wannan samfuri mai suna ArchiCAD tun shekarun 1980, kamfanin Autodesk kuma ya sayi wata irinta mai suna Revit a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga 2016 ayyukan gwamnatin tsakiya za su riƙa bin wannan tsari, sannan a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 a kan yadda ake sarrafa bayanan gini. Shi ya sa za ka fi cin karo da sharaɗin a ayyukan da kamfanonin waje ko masu ba da lamuni na waje ke da hannu a ciki.

Game da tsada kuwa, kada ka yi gaggawar sayen Revit. Kallon samfuri ba ya buƙatar kuɗi, domin akwai manhajojin kallo na kyauta irin su Navisworks Freedom da BIMvision, kuma kana iya neman a ba ka fayil ɗin a tsarin IFC, wanda aka ƙirƙiro don manhajoji daban-daban su iya karanta shi. Zana naka ɓangaren ne ke buƙatar gwani, kuma a Kumasi ba za ka rasa matasan da suka karanta fannin gini a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) ko Jami'ar Fasaha ta Kumasi ba, waɗanda za ka iya ɗauka na tsawon aikin. Sai dai ka zauna kusa da shi yayin da yake zanawa, saboda ya iya kwamfuta amma wataƙila bai taɓa kwance bututun da ya toshe ba, kuma kai ne ka san inda hannu da sifana za su iya shiga idan gyara ya taso.

Kafin ka sa hannu a takarda, ka nemi a nuna maka kundin tsarin BIM na aikin, ka tabbatar an rubuta wanda zai zana bututunka da wanda zai biya kuɗin zanen, domin a nan ne rigima ta fi tashi. Ka kuma tambayi wanne ne abin dogaro idan samfuri da zanen takarda suka saɓa. A rumbun da ake ajiye fayilolin aikin, wanda duk masu aikin ke shiga ta intanet, ana bambanta fayil ɗin da ake kan aikinsa da wanda aka raba don dubawa da wanda aka amince a yi gini da shi, kuma na ƙarshen kaɗai za ka bai wa yaranka. A ganina babban raunin tsarin a wurarenmu shi ne a canza abu a fili da baki, foman ya ce a matsar da bututu, ba a koma an gyara samfurin ba. Daga ranar samfurin ya fara ƙarya, kuma mai lantarkin da zai zo bayanka da shi zai dogara. Duk canjin da aka umarce ka da shi, ka ɗauki hotonsa, ka nemi a rubuta, ka kai shi taron mako.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Nima da ke Accra, muna shirin ɗora bene ɗaya a kan gidan gadonmu. Ɗana ya ce sai mun biya an yi mana BIM. Dole ne?

AMSA: Ba dole ba ne, Hajiya. An tsara abin ne domin ayyukan da ƙwararru masu yawa ke aiki a lokaci ɗaya, kamar asibiti ko filin jirgin sama ko babbar kasuwa. Idan mai zanenku da Revit yake aiki, kuna iya samun hoton gidan da lissafin kaya a cikin kuɗin zanen, kuma hakan ya wadatar. Inda ya kamata kuɗinku ya tafi shi ne wurin injiniya mai rajista, ya tono gefen harsashin tsohon ginin ya duba ko zai ɗauki ƙarin nauyi, ganin cewa Accra yanki ne da ake samun girgizar ƙasa, kamar wadda ta yi ɓarna a 1939. Bayan haka sai ku nemi izinin gini daga majalisar yankinku kafin a sauke yashi.