Tambaya da Amsa: Fankar Raspberry Pi Ta Ƙi Tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, na rubuta mata ɗan rubutun umarni na bash wanda yake karanta zafinta daga fayil ɗin /sys/class/thermal/thermal_zone0/temp, ya kunna fanka idan lambar ta haura 55, ya kashe ta idan ta sauka. To amma fankar ba ta taɓa tsayawa ba, ko da asubar hunturu. Da na sabunta manhajar kuma, sai layin da ke aika lamba 14 zuwa /sys/class/gpio/export ya fara cewa "Invalid argument". Ina laifin yake?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Laifin farko yana cikin lissafi ne. Wannan fayil ba ya bayar da zafi a digiri, yana bayar da shi ne ninki dubu, ta yadda digiri 42 zai fito a matsayin 42000, lambar da kullum ta ɗara 55 ɗinka, shi ya sa rubutun bai taɓa ganin dalilin kashe fanka ba. Ko dai ka raba lambar da 1000 kafin gwadawa, ko ka gwada ta da 55000. Idan ka tayar da rubutun da bash -x, zai nuna maka kowane layi tare da lambar da ya karanto, ka gani da idonka. Kada kuma ka koma ga umarnin auna zafi na vcgencmd measure_temp da tunanin ya fi sauƙi, domin yakan bayar da ɗigo, kamar 48.3, alhali bash ba ya lissafi sai da cikakkun lambobi.

Da zarar ka gyara wannan, wata matsalar za ta ɓullo, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita. Idan iyakar kunnawa da ta kashewa guda ce, fankar za ta tashi a 55, ta sanyaya injin zuwa 54, ta tsaya, zafi ya dawo, ta sake tashi, haka dai ba hutu har ta gaji. Maganin shi ne iyaka biyu masu tazara: kunnawa a 60, kashewa a 50. Sai dai a zafin Afrilu na Kano, inda ɗaki kan kusanci digiri 40, injin ba lallai ya sauka zuwa 50 ba, don haka gara ka ɗaga su zuwa 65 da 55. Babu abin fargaba, tunda Pi 4 ba ta fara rage gudunta saboda zafi sai ta kai digiri 80.

Kuskure na biyu, wato saƙon "Invalid argument", ba naka ba ne. Tun daga kernel 6.6 (kernel shi ne ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da kwamfutar) an sauya lambobin tsohuwar hanyar /sys/class/gpio, a Pi 4 sai an ƙara 512, wato 14 ta koma 526. Hanyar ma an daina ƙarfafa amfani da ita, saboda haka ka yi amfani da umarnin pinctrl set 14 op dh wajen kunnawa, da dl a madadin dh wajen kashewa.

Ka duba wayoyinka kuma. Fankar da aka jona kai tsaye a ƙafa ta 4 da ta 6 cikin jerin ƙafafun jona waya na kwamfutar tana shan wuta ne muddin kwamfutar na kunne, babu rubutun da zai tsayar da ita. Ita kuwa ƙafar da rubutunka ke sarrafawa, GPIO 14, wadda ita ce ta 8 a jeri, wutarta 3.3V ce kuma ba ta ɗaukar fiye da kimanin 16mA, don haka dole a sa transisto, wato ƙaramin makunnin lantarki, irin 2N2222 a tsakaninta da fankar, sai dai idan fankar tana da waya ta uku ta sarrafawa.

A ganina ma, in ba koyo kake yi ba, rubutun bai zama dole ba. Ka ƙara layin dtoverlay=gpio-fan,gpiopin=14,temp=65000 a /boot/firmware/config.txt, ka sake kunna kwamfutar, ita da kanta za ta tayar da fankar a 65, ta kashe ta bayan zafin ya sauka da digiri 10.