Jari-hujja ko gurguzu, wanne ya fi maganin cin hanci?

Malam, tambayarka ita ce tsakanin jari-hujja (inda dukiya da kasuwa ke hannun 'yan kasuwa) da gurguzu (inda suke hannun gwamnati) wanne ya fi rage cin hanci, ya fi adalci da 'yanci. Gaskiya babu wanda ya hana sata a cikinsu, amma in dole sai na zaɓa to jari-hujja zan ɗauka, saboda 'yanci kawai. A Tarayyar Sobiyet, inda aka yi mulkin gurguzu, jam'iyya ɗaya ce, jaridu na gwamnati ne, manyan jam'iyya suna da shagunansu na musamman talaka kuwa yana bin layi, wa zai kai ƙara wajen wa? Haka aka tafi har ta rushe a 1991. Ita kanta Sin mai bin gurguzu, tun 1978 zamanin jagoranta Deng Xiaoping ta buɗe kasuwa, kuma har yau ana ɗaure manyan jami'anta kan rashawa. Wajen adalci kam gurguzu ya ɗan taɓuka, a zamanin Sobiyet makaranta da asibiti kyauta ne.

Amma fa zaɓin jari-hujjan da na yi da sharaɗi, sai in akwai kotu da hukuma masu iya taka wa mai kuɗi burki. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kano, na ga duka biyun da idona, in gwamnati ce ke rabon taki mai rahusa sai mai uwa a gindin murhu zai samu, washegari ka gan shi a kasuwa an ninka kuɗinsa, in kuma an bar wa 'yan kasuwa, azumi na matsowa wasu manya za su kulle sito da sukari da shinkafa har sai farashi ya tashi.