Hakki, Alhaki da Ladan Kuturu: Amsoshin Tambayoyinku kan Kamfanonin Haƙar Ma'adinai

Wani mai karatu daga Gusau ya ce: Allah gafarta Malam, idan kamfanin haƙar ma'adinai ya gina rijiya ko aji biyu a ƙauyen da yake aiki, wasu jaridu sukan ce ya yi alheri, wasu su ce ya sauke hakki. Wanne ne daidai? Kuma ina bambancin hakki da alhaki?

Malam, hakki da alhaki tushensu ɗaya a Larabci, amma Bahaushe ya raba musu aiki. Hakki shi ne abin da wani yake bin ka: hakkin maƙwabtaka, hakkin ma'aikaci. Alhaki kuwa nauyin da yake hawa kanka ne in ka tauye hakkin. Shi ya sa ake cewa "ya ɗauki alhakin marayu", kuma ake cewa "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi". Alheri daban yake. Shi don ra'in kai ake yi, wanda aka hana kuma ba shi da bakin ƙara.

Saboda haka kafin a zaɓi kalma sai a duba ko doka ta ɗora aikin a wuyan kamfanin. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk bayan shekara 5. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da ke yankin, kashi 75 na kuɗin ya tafi ayyukan raya su, 20 ajiya, 5 gudanarwa. Duk abin da ya fito ta waɗannan hanyoyi hakki ne. Ina roƙon 'yan jarida su daina kiransa alheri ko tallafi, domin mutumin da aka ce an yi masa alheri godiya yake yi, ba ya tambayar inda ragowar take.

Wata mai karatu daga Damagaram ta ce: Malam, ko "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta dace da garuruwan da ake haƙar arziki a ƙasarsu?

Ta dace, Malama. Gardi shi ne mai wasa da kura a kasuwa. Ya sa mata takunkumi, ya ja ta da sarƙa, ita ke shan sanda, 'yan kallo kuma shi suke miƙa wa kuɗi. Ana kawo maganar a inda wahala ta sauka a kan wani, riba ta tafi wajen wani. Dubi ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya, inda aka haƙi man fetur. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin mai guba a ruwan sha na garin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ce tsabtace yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Sai dai a lura, gardin ba kullum baƙo ba ne. Gwamnatin da ta karɓi haraji da wakilin da ya sa hannu a madadin jama'a ba da saninsu ba, duk karin maganar tana hawansu.

Wani ɗalibi daga Agadas ya ce: Mene ne "lada" a cikin "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski"?

Nan ba ladan lahira ake nufi ba, kuɗin aiki ne, irin wanda ake biyan wanzami. Wanda ya karɓi kuɗin ba shi da damar ƙyamar aikin daga baya. A harkar ma'adinai askin shi ne abin da ya rage bayan riba: cike ramuka, rufe tarin dusar dutse don kada iska da ruwan sama su kwashe ta, auna ruwan rijiyoyi, sallamar ma'aikata da bibiyar lafiyarsu. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan kusa da Arlit a Nijar ta fara fitar da kaya a 1978, aka rufe ta a Maris 2021, ta bar miliyoyin tan na dusa mai turirin nukiliya da sai an binne ta a ƙarƙashin laka da dutse.

Inda ake samun matsala shi ne a bar maganar kuɗin wannan aiki sai ma'adinin ya ƙare, lokacin da kamfani ba ya samun komai a wurin, ko ma ya sayar da lasisinsa ga wani ƙarami da ba shi da ƙarfi. Masu wakiltar al'umma su nemi a rubuta tun ranar farko nawa za a riƙa warewa duk shekara, a wane asusu, da wanda zai sa hannu kafin a taɓa shi. A kuma ware wannan kuɗi daga diyya, wadda ake biyan mutum ɗaya ɗaya kan gonarsa, itatuwansa ko lafiyarsa.