Tambaya da Amsa: Yaya Rayuwar Ɗan Wasan Waƙa da Rawa Take a Bayan Labule?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina karanta fannin wasan kwaikwayo. Ina yawan kallon guntayen bidiyon wasannin da ake yi a Broadway da Landan, inda ɗan wasa zai yi magana, ya ɓarke da waƙa, ya tashi da rawa, duk a gaban jama'a. Da gaske su ke rera waƙar, ko bin baki suke yi kamar a finafinanmu? Ta yaya ake shiga wannan sana'a, kuma wace irin rayuwa suke yi idan an sauke labule?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Su ke rerawa, da bakinsu, a lokacin da kake kallonsu. Makaɗa suna zaune a wani rami da ke gaban dandamali ko ƙarƙashinsa, jagoransu yana bin numfashin mai waƙar, mai waƙar yana bin hannunsa. Akwai wasannin da ke ƙara muryoyin da aka naɗa tun farko a wurin da rawa ta yi zafi har numfashi ya gaza, amma wannan tallafi ne na ɗan lokaci. A fim ɗin Hausa aikin a rabe yake: mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya hau waƙar a gaban kyamara, in an yi kuskure a sake ɗauka. A can mutum ɗaya ke ɗauke da kaya uku, wasa da waƙa da rawa, kuma babu mai cewa a tsaya a sake.

Abin da bidiyo ba zai nuna maka ba shi ne maimaici. A Broadway, wato gidajen wasa 41 na birnin New York masu kujeru 500 zuwa sama, ana yin wasa sau takwas a mako cikin kwana shida. Yawanci Litinin ce ranar hutu, sannan akwai ranakun da ake yi sau biyu, da rana da kuma da dare, galibi Laraba da Asabar. A unguwar gidajen wasa ta West End a Landan ma sau takwas ake yi a mako. Wasan da ya karɓu yana iya shekara da shekaru. The Phantom of the Opera ya fara a Broadway a 1988, bai rufe ba sai a 2023. Ka ga kenan ƙwarewar da ake nema ta wuce iya rera waƙa da daɗi sau ɗaya. Ana neman wanda zai rera ta daren Asabar, bayan ya riga ya yi da rana, ƙafarsa na ciwo, kuma mutumin da ya tara kuɗin tikiti ya zo daga nesa ya ji kamar yau aka fara. A ganina duk wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci sana'ar ba.

Misalin da zai fi zama kusa da kai shi ne wasan Fela!, wanda aka gina a kan rayuwar Fela Kuti, aka buɗe shi a Broadway a 2009, aka kawo shi Legas a 2011. Wanda ya fito a matsayin Fela kusan ba ya sauka daga dandamali, yana waƙa yana rawa yana hira da 'yan kallo. Nauyin ya kai har aka raba makon tsakanin mutum biyu, Sahr Ngaujah da Kevin Mambo, domin jiki ɗaya ba zai ɗauki takwas ɗin ba.

Hanyar shiga kuwa ta tantancewa ce, kuma ba ta ƙarewa. Wasu suna fitowa daga makarantun koyon wasa, kamar Cynthia Erivo, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Landan, wadda ta yi karatu a makarantar RADA kafin ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, a 2016. Wasu daga makarantun rawa suke, wasu daga ƙungiyar mawaƙan coci. Ko daga ina ka fito, ɗaki guda za ka shiga: mutane a bayan tebur, mai piyano a gefe, a ba ka abin da bai fi minti ɗaya ba ka rera guntun waƙa. In sun so ka, su sake kiranka, wani lokaci sau da yawa. Sau tari ana barin mutum saboda tsawonsa bai dace da na abokiyar wasansa ba, ko muryarsa ta yi kama da ta wanda aka riga aka ɗauka. In an dace, sai bita ta makonni, sai kwanakin haɗa fitilu da sauti da kayan dandamali, sai wasannin gwaji a gaban 'yan kallo inda ake ta gyare-gyare, kafin daren buɗewa.

Batun kuɗi, ƙungiyar 'yan wasan Amurka, Actors' Equity, wadda aka kafa a 1913, ita ke cimma yarjejeniya kan mafi ƙarancin albashi, kuma a Broadway ya haura dala 2,000 a mako. Kada ka juya shi zuwa naira ka yi murna. Akwai haraji, akwai kason wakili, akwai kuɗin hayar New York, kuma ana iya rufe wasa bayan 'yan makonni in tikiti bai sayu ba. Da yawansu suna koyar da rawa ko aiki a gidan abinci tsakanin wasa da wasa.

Ka tambayi abin da suke so da wanda suke ƙi. Kowa da halinsa, amma murya ce ke mulkin yawancin zaɓinsu. Za ka same su da gorar ruwa ko da yaushe, da shayin citta da zuma, da surace na ruwan zafi don jiƙa maƙogwaro. Suna gudun cin abu mai nauyi ko mai yaji dab da kwanciya saboda ƙwannafi yana ƙona hanyar murya, ga shi sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare suke tashi daga aiki da yunwa. Suna gudun wurin hayaniya inda dole sai an ɗaga murya. Mai babban matsayi yana iya wuni bai ce uffan ba, yana rubuta wa iyalinsa saƙo a waya alhali suna ɗaki ɗaya. Tsoron na gaskiya ne: fitacciyar 'yar wasa Julie Andrews ta rasa muryar waƙarta bayan tiyatar maƙogwaro a 1997. Bikin 'yan uwa da na abokai, wanda galibi ke faɗowa ƙarshen mako, yakan wuce su, domin lokacin hutun jama'a shi ne lokacin aikinsu.

Yanzu mu shiga bayan labule. A Amurka dole kowa ya sa hannu a takardar halarta rabin sa'a kafin a fara. A Ingila wannan lokacin minti 35 ne kafin wasa, saboda masu fitowa farko su kasance a wurinsu da saura minti biyar. Daga nan manajan dandamali ne sarki. Darakta ya gama nasa tun daren buɗewa. Manajan ne ke ba da umarnin kowace fitila da kowane motsin kaya ta na'urar da ke kunnen ma'aikata. Makirufon ɗan ƙarami ne, ana ɓoye shi a goshi ko cikin gashi, batirinsa a ɗaure a ƙugu ko a cusa cikin hular gashi, a nannaɗe shi don kada gumi ya kashe shi. Canjin kaya wani lokaci a cikin daƙiƙoƙi ake yinsa, a duhun gefen dandamali, masu sa kaya biyu ko uku sun kewaye mutum, ɗaya na zare takalmi, ɗaya na zuge riga. Tafiyar da ake yi a bayan fage ma tsararriya ce kamar ta gaba, domin in ka tsaya inda ba wurinka ba, bangon da ake turowa zai same ka.

Mutanen da na fi girmamawa a wannan gida su ne 'yan ko-ta-kwana. Akwai wanda yake cikin taron masu rawa amma ya haddace matsayin jarumi, in jarumin ya kwanta shi zai hau. Akwai kuma wanda ake kira swing, wanda ba ya fitowa kullum, amma ya haddace matsayin mutum biyar ko takwas ko fiye: inda kowannensu ke tsayawa, muryar da yake ɗauka a amshi, ƙofar da yake fita, kujerar da yake ɗaukewa. Kamar ɗan ƙwallon benci ne da za a iya cewa ya shiga gola yau, gobe ya buga gaba. Suna da littattafan da suke zana taswirar kowane matsayi da alƙalami mai launi daban-daban. Annobar korona ce ta fito da darajarsu fili. An rufe Broadway ranar 12 ga Maris 2020, manyan wasanni ba su dawo ba sai Satumban 2021, kuma da cutar ta sake tashi a ƙarshen shekarar, su suka hana gidaje da dama rufewa. A Disambar 2021 fitaccen ɗan wasa Hugh Jackman ya tsaya a gaban 'yan kallo bayan wasa ya yaba wa Kathy Voytko, wadda ke riƙe da matsayi takwas, aka gaya mata da tsakar rana cewa ita za ta fito a matsayin jaruma a daren.

Suna da al'adunsu. Ba a yin fito da baki a bayan fage, abin da ake dangantawa da zamanin da masu jan igiyoyin labule ke ba juna alama da fito. A daren buɗe sabon wasan waƙa a Broadway kuma akwai wata alkyabba da ake miƙa wa ɗan amshin da ya fi kowa yawan wasanni. Ya sa ta, ya zagaya dandamali sau uku, kowa ya taɓa ta. Ina son wannan al'ada domin ɗan amshi take karramawa, mutumin da sunansa ba ya kan allon ƙofa.

In kana son gwadawa, ba sai ka tsallaka teku ba tukuna. A Legas, Bolanle Austen-Peters ta kafa cibiyar al'adu ta Terra Kulture, kuma tun daga wasan Saro a 2013 take shirya irin waɗannan wasanni da makaɗa a wurin. Kafin ka je, nemi malamin murya ya koya maka numfashi daga ciki, ka koyi karanta rubutun kiɗa ko da kaɗan ne, ka riƙa rera waƙa kana motsi har ka daina haki. Ka kuma yanke wa kanka tun yanzu irin suturar da za ka iya sawa da irin rawar da za ka iya yi da mace a gaban jama'a, ka tambaya kafin ka sa hannu a kwantiragi, domin bayan an fara bita babu mai sauya maka tsarin rawa. A makarantarku kuma, ku shirya ɗan gajeren wasa mai waƙa da kalangu ko gurmi, ku yi shi dare shida a jere ba tare da naɗaɗɗiyar murya ba, ka saurari yadda muryarka za ta kasance a dare na biyar.