Akwatin hira a shafin shago

Tambaya: Malam, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, ina da shafin intanet da aka gina da manhajar WordPress. Yaya zan saka ɗan akwatin nan mai amsa wa kwastomomi ko ina barci?

Amsa: Hajiya, sakawar ba wuya. Ki buɗe asusu a Tawk.to, kamfanin da ke ba da irin wannan akwatin, za su ba ki 'yan layukan JavaScript, wato rubutun umarnin kwamfuta, ki liƙa su a ƙasan shafin, gab da alamar rufe body, wato inda aka rubuta </body> a cikin rubutun da aka gina shafin da shi. In kina tsoron taɓa wannan, suna da 'yar manhaja da ake sakawa a WordPress ta yi miki liƙawar. A wajen saiti ake yin sake. Ki rubuta masa sallama da Hausa, ki ba shi farashin kowane turmi da kuɗin aika kaya, kada ya yanka miki nasa. Sannan ki gwada a waya. Na sha ganin akwatin ya zauna daram kan maɓallin saye.