Amsa: Shin Agatha Christie ta yaudari mai karatu a labarin kisan Roger Ackroyd?

'Yar uwa, kin ce kin gama The Murder of Roger Ackroyd ranki a ɓace, don wanda yake ba ki labari tun daga shafin farko shi ne mai kisan, kina tambaya ko wannan ba ha'inci ba ne. Wanda bai karanta ba ya dakata a nan, zan tona asiri.

Tun fitowar littafin a 1926 ake wannan gardama. A ganina ba ta ha'ince ki ba. Likita Sheppard, mai ba da labarin, bai faɗa wa mai karatu ƙarya kan daren kisan ba, tsallake ya yi, kuma duk inda ya tsallake an bar sawu.

Koma babi na 4, ki riƙe biro. An kawo wa Ackroyd wasiƙar Misis Ferrars, matar da yake shirin aura, da ƙarfe 9 saura minti 20. Likita ya fito daga ɗakin 9 saura minti 10. Me ya faru a cikin mintuna 10 ɗin nan? Bai faɗa ba. Sannan daga gidan zuwa ƙofar shiga tafiyar minti 5 ce, amma sai da agogon coci ya buga 9 ya isa. A ragowar minti 5 ɗin ne ya zaga, ya sa takalman Ralph Paton, agolan Ackroyd, ya bar sawu a bakin taga. Ki kuma lura da kujerar da Parker, baran gidan, ya ce an janyo ta daga jikin bango. An janyo ta ne don ta kare teburin da aka ajiye na'urar ɗaukar murya, wadda ta sa aka ji muryar mamacin da 9 da rabi alhali ya riga ya mutu. Kiran wayar da aka yi wa likita daga tashar jirgin ƙasa ma shi ya shirya abinsa, don ya riga kowa isa wurin gawar da jakarsa, ya kwashe na'urar.

Abin da ke ɓatar da mu shi ne kusan kowa a gidan yana da abin ɓoyewa. Flora, 'yar ɗan'uwan Ackroyd, ta ce ta yi wa baffan nata sallama da 10 saura kwata, ashe kuɗi ta sata, fam 40, take rufe kanta. Wannan ƙaryar ta ƙara tura lokacin kisan gaba, ta wanke likita.

Inda nake ganin rauni shi ne na'urar. Sai ka yarda cewa likita ya haɗa mata abin da zai tayar da ita kamar agogon ƙararrawa, ya zo da ita a shirye, ya kuma kammala komai cikin minti 10 ba tare da kowa ya leƙo ba. Wannan ya yi yawa. In za ki soki littafin, nan ne wurin suka.

A karatu na biyu, duk inda likita ya ambaci lokaci ki rubuta shi a gefen shafi, ki kuma sa ido kan ranar da Poirot, mai binciken kisan, ya daina gaya masa abin da ke ransa.